Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Ɗan Magama Tsakanin Sakandare da Jami'a

Jawabin da aka gabatar a zauren taron shekara-shekara na ƙungiya



Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe; iyayenmu magaddai da masu unguwanni; malamanmu masu daraja; shugabannin wannan ƙungiya da wakilan 'yan'uwanmu mazauna birane; iyayenmu mata; ƙannena da 'ya'yana. Ina yi maku barka da zuwa gida, ina kuma godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar ba tsohon malamin makaranta damar ya tsaya gaban manya ya yi magana.

An nemi in yi bayani a kan abin da ke hana 'ya'yanmu isa jami'a. Mu mutanen Magama ba a ba mu labarin iyaka, gama a bakinta muka tashi. Kowa a cikinmu ya san cewa mai son ƙetarawa daga nan zuwa Ɗan Isa ko Maraɗi yana bukatar abu uku: takarda ingantacciya, da guzuri a aljihu, da sanin harshe da hanyar inda za shi. To, akwai wata iyaka wadda ba ta da shinge ko tuta, amma ta fi wadda ke bakin garinmu tsanani, ita ce ta tsakanin ajin ƙarshe na sakandare da ƙarshen shekarar farko ta jami'a. A cikin wannan ɗan tsakani na shekara biyu muke asarar yawancin yaran da muka yi shekara goma sha biyu muna reno a makaranta. Manufar jawabina ita ce in nuna cewa mafi yawan abin da ke tare su a nan, ku mazauna birane kuna da maganinsa a hannu.

Jiya da Yau

Ƙasar Katsina ba baƙuwar ilmi ba ce. A shekarar 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta yaye irin su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Waɗannan bayin Allah sun baro garuruwansu suna samari, amma sun tarar an tanadar masu wurin kwana da abinci da malaman da ke sa masu ido. Mu ma da muka shiga kwalejin horon malamai a zamanin shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, gwamnati ce ta ciyar da mu, ta ba mu littattafai, har da ɗan alawus. Iyayenmu ba su sayar da ko akuya ba don mu yi karatu. A jami'a kuwa, a 1978 ƙarin kwabo 50 kacal aka yi a kan kuɗin abincin yini, ɗalibai suka tayar da tarzomar da har aka yi asarar rayuka a Zariya da Ikko. Wannan ya isa ya nuna maku yadda mutanen wancan lokaci suka ɗauki ciyar da ɗalibi a matsayin haƙƙi.

Har ila yau, a da akwai gada tsakanin sakandare da jami'a. Yaro kan yi shekara biyu a ajin gaba da sakandare, ko ya shiga makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya goge a can kafin ya ga zauren lakca. Da aka koma tsarin 6-3-3-4 a cikin shekarun 1980 sai waccan gada ta ƙanƙance, aka wayi gari yaro ɗan shekara goma sha bakwai ana jiran ya yi tsalle ɗaya daga bencin sakandaren ƙauye ya dira a jami'a.

Abin mamaki shi ne, yau jami'a ta matso kusa da mu fiye da kowane lokaci. Ga Al-Qalam a Katsina tun 2005, ga jami'ar jiha da aka kafa a 2006 wadda yanzu ke ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma tun 2011. Ginin ya zo kusa, amma ƙofar ta ƙara nisa ga ɗan talaka.

Yaron da Muke Magana a Kansa

Kafin mu zargi yaranmu da lalaci, mu dubi hanyar da suka biyo. Ku ɗauki yaron da ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a watan Satumba 2019. Wata guda kafin nan aka rufe iyakokin ƙasar nan na tudu, tamu kuwa ba a buɗe ta ba sai Afrilu 2022. Yana aji ɗaya annobar korona ta rufe makarantu a 2020. A Disambar wannan shekara aka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, aka rufe makarantun kwana na jihar. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Jibiya. A Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na hatsi suka yi tashin gwauron zabo. A Agustan wannan shekara, bayan juyin mulkin Nijar, aka sake rufe iyaka sai Maris 2024. In kun haɗa lissafi, iyakar da uban wannan yaro ke ci da ita, ko direba ne, ko ɗan dako, ko mai canjin kuɗi, ko mai shago, ta yi sama da shekara uku a rufe cikin shekarunsa shida na sakandare.

Wannan yaro shi ne ya zauna jarrabawar JAMB a 2025, kafaɗa da kafaɗa da ɗan Abuja da ɗan Ikko, a kan tambayoyi iri ɗaya. Duk wanda ya kai ga kujerar jarrabawar ma ya cancanci a jinjina masa.

Shinge na Farko: Takarda da Jarrabawa

Sharaɗin shiga jami'a shi ne kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, har da Turanci, da kuma lissafi ga masu neman fannonin kimiyya da fasaha da zamantakewa. Bayan wannan sai jarrabawar hukumar JAMB, wadda tun 2015 ba a yin ta sai a kan kwamfuta. Darussa huɗu ne, maki 400, tambayoyi 180 cikin sa'a biyu. Wato kowace tambaya tana da daƙiƙa 40. Yaron da bai taɓa sa hannu a kan kwamfuta ba sai ranar, rabin hankalinsa na kan na'ura, rabi na kan tambaya, agogo kuma ba ya jiran kowa.

A sakamakon farko da hukumar ta fitar a Mayu 2025, cikin ɗalibai kusan miliyan 1.95 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika 13,000 ba. A wannan shekara an sa 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a. Amma kada wannan lamba ta ruɗe mu. Maki 150 izinin tsayawa a layi ne kawai; mai neman likitanci ko aikin lauya ko injiniya sai ya yi nesa da nan ƙwarai, sa'annan kuma ya fuskanci tantancewar jami'ar da ya zaɓa.

Akwai wani gata da muke da shi wanda da yawa daga cikin iyaye ba su sani ba. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani, Katsina kuwa tana cikinsu. Saboda haka ɗan Magama da ya zaɓi Dutsin-ma ko Zariya ko Kano da hikima yana da ƙofa fiye da ɗaya.

Sai dai abin takaici, yara da yawa ba makinsu ne ke kayar da su ba, ƙananan kurakuran takarda ne. Wani sunansa a katin NIN Muhammad, a takardar sakandare Mamman, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Wani yana son likitanci, amma bai haɗa Fiziks da Kemistiri da Bayoloji a fom ɗinsa ba. Wani ya yi rajista da lambar wayar mai shagon kwamfuta, duk saƙon da aka aiko can yake tsayawa. Wani bai ɗora sakamakonsa na sakandare a shafin hukumar ba. Wani ma an ba shi gurbin, amma bai shiga intanet ya danna alamar amincewa cikin lokacin da aka ƙayyade ba, har gurbin ya wuce shi yana gida yana cewa ba shi da uwa a gindin murhu. Duk waɗannan, minti talatin na mutumin da ya san hanya sun isa su kawar da su.

Shinge na Biyu: Guzuri

Ana cewa karatu kyauta ne a jami'o'in tarayya. Ku tambayi uban da ya kai ɗansa, ku sha labari. Fom ɗin JAMB kaɗai a 2025 Naira 7,200 ne, ko 8,700 ga mai son jarrabawar gwaji. Sai kuɗin mota zuwa cibiyar rajista, a koma ranar jarrabawa, wani lokaci har da kwana. Sai kuɗin tantancewa, da na takardar shaidar ƙaramar hukuma, da na gwajin asibiti, da hotuna. Sa'annan a zo kan kuɗin rajista. A 2023 jami'o'in tarayya da dama sun ninka nasu. A Jami'ar Bayero ta Kano, alal misali, ya koma tsakanin kimanin Naira 95,000 da sama da 200,000, gwargwadon fannin da ɗalibi yake karanta. Ku auna wannan da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, ku kuma tuna cewa yawancin iyayen yaranmu ba su da albashi ko kaɗan.

Bayan rajista sai masauki. Ɗakunan kwanan ɗalibai ba su isar kowa, wanda bai samu ba sai haya a cikin gari, a biya shekara guda gaba ɗaya. Ga katifa, ga risho ko tukunyar gas, ga takardun darasi, ga wayar da za ta iya shiga intanet, domin rajistar darussa da duba sakamako duk sun koma can. Daɗin daɗawa, ba a san ranar gamawa ba: a 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuɗin haya kuwa bai tafi yajin aiki ba.

Gaskiya ne an samu sauƙi ta wani ɓangare. A watan Afrilu 2024 aka sa hannu a kan sabuwar dokar ba ɗalibai rance, asusun NELFUND ya fara karɓar masu nema a watan Mayu. Rancen ba shi da ruwa. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana kuma ba ɗalibi Naira 20,000 a wata. Ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum ke samu. Ina shawartar duk wanda ke makarantar gwamnati ya nema, ba abin kunya ba ne. Amma mu lura da abu biyu. Na farko, Naira 20,000 a wata ba ta kai Naira 700 a yini ba, kun kuma san farashin kwanon abinci a yau. Na biyu, rancen ba ya zuwa sai yaro ya riga ya samu gurbi, makaranta ta aika da sunansa. Duk ɗawainiyar da ke kafin nan, daga fom zuwa katifa, a wuyan uba take. Da ruwan ciki akan ja na rijiya, yaronmu kuwa a daidai nan ne ba shi da ko kurɓi ɗaya.

Shinge na Uku: Karatun Kansa

A ce yaro ya ci jarrabawa, an yi karo-karo an biya rajista. Saura babban aiki. A sakandare malami ya san sunansa, yana rubuta masa darasi a allo ya kwafa, in ya yi fashi a aika gida. A jami'a zai tarar da zaure mai ɗaukar ɗaruruwan mutane, malami ya shigo ya yi sa'a biyu yana zuba Turanci, ya ambaci littafin da za a nema, ya fita. Ba mai tambayar wanda bai zo ba. Mu da muka yi aikin koyarwa mun san yadda ake yi a makarantunmu na karkara: a rubuta da Turanci, a yi bayani da Hausa, a haddace don jarrabawa. Yaron da ya taso haka yana iya zama mai kaifin basira, amma bai saba sauraron dogon bayani yana tsamo muhimman abubuwa da kansa ba, bai saba karanta babi guda ya taƙaita shi ba, wataƙila kuma bai taɓa riƙe kwalbar gwaji a ɗakin kimiyya ba.

Ga yadda lissafin yake a mafi yawan jami'o'inmu. Ana auna ɗalibi a kan ma'auni mai maki 5. Mai 4.5 zuwa sama shi ne mai daraja ta ɗaya, mai 3.5 daraja ta biyu babba, mai 2.4 daraja ta biyu ƙarama. Duk darasin da aka faɗi sai an sake shi, abin da ɗalibai ke kira kari-oba, kuma sifilin da aka samu yana nan cikin lissafi har ranar fita. Wanda makinsa ya yi ƙasa sosai a ja masa kunne, in bai gyara ba a sallame shi. Yanzu ku dubi wannan: yaron da ya gama shekarar farko da 1.8 a kwas na shekara huɗu, in yana son ya fita da 3.5, sai ya riƙa samun sama da 4.0 a kowace shekara cikin ukun da suka rage. Wato shekarar da ya fi kowace rauni a cikinta, yana baƙo, yana fama da yunwa da kewar gida, ita ce ke yanke masa hukunci.

A nan ne kuma satar amsa ke fito da ainihin kamarta. Uban da ya biya kuɗi aka kai ɗansa cibiyar da ake rubuta wa yara amsa, ya sayi kiredit tara, bai sayi ilmin da ke bayansu ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zangon farko na jami'a shi ne ranar wankan.

Batun Maraɗi da 'Ya'yanmu Mata

Wasu iyaye, ganin wahalar samun gurbi a gida, sukan juya zuwa ƙetare, tunda Maraɗi a bayan ɗakinmu take. Akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta gwamnati mai koyarwa da Faransanci, akwai kuma masu zaman kansu da ke koyarwa da Turanci. Karatu a maƙwabta ba aibu ba ne. Sai dai kuɗin can da sefa ake lissafa shi, Naira kuwa ta zube tun 2023. Sa'annan a Janairu 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da amincewa da digirin ƙasashen Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Darasin shi ne, kafin a biya ko sisi a kowace makaranta ta waje, a bincika a Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ko an yarda da takardarta, musamman a fannin lafiya.

'Ya'yanmu mata kuwa suna da shinge na huɗu. Sau da yawa yarinya ita ce ta ɗaya a ajinta, amma uba ya ce ba za ta je ta zauna inda ba shi da ido ba. Ba za mu ce tsoronsa ba shi da dalili ba, domin a Oktoba 2023 an sace ɗalibai mata biyar a gidan da suke haya a wajen makaranta a Dutsin-ma. Amma uban da ya ƙi amincewa da gidan haya zai amince da ɗakin ƙanwarsa ko na matar amininsa a Katsina ko Kano. Mu ne kuma muke kuka idan matanmu suka je asibiti ba su tarar da ma'aikaciya mace ba. Ga makarantar koyon aikin jinya a Katsina, ga ta ungozoma a Malumfashi, ga ta kiwon lafiya a Kankiya da Daura. Wa zai cika su in ba 'ya'yanmu ba?

Abin da Ya Rage Gare Mu

Ranku ya daɗe, gyaran tsaro da ɗaukar malamai da gina ɗakunan kimiyya aikin hukuma ne, kuma wajibi ne shugabanninmu su ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofa. Amma ga abubuwa biyar da ba sai mun jira kowa ba.

Na ɗaya, asusun ƙetarawa. A ce mutum 200 daga cikinmu kowa ya ajiye Naira 2,000 a wata, abin da bai kai kuɗin katin wayar wasunmu na mako ba, a shekara za a tara Naira miliyan 4.8. A keɓe shi ga fom da tantancewa da rajistar farko da katifa, wato daidai wurin da rancen gwamnati bai kai ba. A zaɓi yara ta hanyar gwaji a fili, a riƙa buga lissafin shiga da fita a wannan mujalla kowace shekara, domin rashin bayani shi ke kashe asusun ƙungiyoyi.

Na biyu, ɗakin kwamfuta. Ofisoshinku cike suke da tsofaffin na'urori da aka jingine. Guda goma da faranti mai amfani da hasken rana sun isa kowane ɗan ajin ƙarshe ya yi gwaji sau da yawa kafin ranar jarrabawa.

Na uku, darasin hutu. Ɗalibanmu da ke jami'a da masu jiran hidimar ƙasa su riƙa ba ƙannensu mako shida a dogon hutu, a kan karatun Turanci da fahimtarsa, da lissafi, da yadda ake ɗaukar bayani a lakca. Duk wanda asusu ya taimaka, wannan ya zama ladan gabensa.

Na huɗu, kwamitin takardu. Mutum uku masu sanin harkar su zauna da yara tun suna aji biyar na sakandare, a daidaita suna da ranar haihuwa, a duba haɗin darussa, a ba da shawarar makaranta. Su kuma gaya wa yara gaskiya: wanda bai shirya ba, shekara guda a makarantar share fage ta Funtuwa ko a shirin IJMB ba asara ba ce, Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Katsina, da ta Isa Kaita a Dutsin-ma, da Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman, duk hanyoyi ne masu mutunci, ana kuma shiga jami'a daga cikinsu kai tsaye a aji biyu.

Na biyar, wanda ya fi kowane sauƙi ya kuma fi kowane tasiri: uban ɗaki. Kowane yaro ko yarinya da ya samu gurbi a haɗa shi da gida guda na ɗan garinmu a birnin da zai zauna. Ba lalle ne ka ba shi ɗaki ba, in babu hali. Ka kira shi cin tuwo ranar Juma'a, ka tambaye shi sakamakon gwajinsa na farko tun kafin jarrabawar zango, ka san ranar da garinsa ya ƙare. Yaron da ya san akwai mai tambayarsa ba ya saurin ɓata.

Kammalawa

'Yan'uwa, ana nan ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, kuma ta ƙasar Jibiya zai ratsa. Ranar da jirgi ya fara tafiya za a bukaci injiniyoyi da akantoci da jami'an kwastan da masu jin Faransanci. Ko 'ya'yanmu su kasance cikin ofis, ko su kasance a bakin tasha suna jiran dako. Yaran da za su yi ɗaya daga cikin biyun yanzu haka suna aji huɗu da aji biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ina roƙon shugaban taro, kafin a yi addu'ar tashi, a zagaya da takarda, kowa ya rubuta sunansa da birnin da yake zaune da yawan yaran da zai iya sa wa ido a bana.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, Ya albarkaci zuriyarmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.